Ranar da Baba Ya Gangara Rafi

El Zapote,
Lahadi, 20 ga Nuwamba, 1994.

Zuwa ga ƙanwata Otilia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Rigoberto da abin da ke cikinki. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Mun fara tsinkar gahawa ranar Litinin. Gefen da ke kallon rana ya riga ya yi ja, na ƙasa wajen rafi kuma sai nan da sati uku. Mutum huɗu na samu bana: Inna Chayo da 'yarta, sai Eusebio da wani surukinsa da har yau ban riƙe sunansa ba. Da ni biyar. Kullum yayyafi. Mu shanya a farfajiya, mu kwashe, mu sake shanyawa, mu sake kwashewa. Hannun injin ɓare gahawa ya kuma sakwarkwacewa, na ɗaure shi da waya.

Kin tambayi jikin Baba. Jikin ƙalau yake, ya ma fi ni cin abinci. Kan ne dai babu. Tun da ya ga kwanduna sun fito ya ƙi zaman gida, dole na ɗaura masa nasa a ƙugu muka shiga gona tare. Ɗanye yake tsinka, kore shar, har da ganye. Idan muka dawo sai in zauna in tsince.

Shekaranjiya Eusebio ya leƙa kwandon nasa, ya kira shi da sunan girmamawar da kowa yake kiransa, ya ce, "Don Anselmo, ta baɗi kake tsinka tun yanzu? A bar mana ta bana mu gama da ita mana!"

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wane ne wannan mai warin giyar? Jacinta, sallame shi."

Kowa ya yi dariya, har da Eusebio. Jacinta ni ce yanzu. Shekara tara da rasuwar Mama, amma wasu ranakun da sunanta yake kirana, ni kuma in amsa. Wasu ranakun kuma 'yar ƙwadago ce ni. Ranar Talata ya riƙe min hannu a kan reshe ya ce, "Ke yarinya, wa ya koya miki tsinka? Ba a zage reshe kamar ana tatsar saniya. Ɗaya-ɗaya ake yi, mai ja kawai. Je ki wajen 'yata Hermelinda ta nuna miki."

Na ce, "To, Baba."

Inna Chayo ta juya baya tana share ido da gefen zaninta. Ni dai na ci gaba da layina, don hadari yana tasowa.

Sau biyu ke nan a watan nan yana ficewa ban sani ba. Na farko an same shi a ƙofar coci yana jiran a buɗe, na biyu a gidan Kawu Fulgencio yana tambaya ko an ga alfadarinsa, wanda ya mutu tun kina makaranta. Saboda haka na ɗauko ƙararrawar akuyar nan tamu da ta mutu na ɗinke ta a jikin bel ɗinsa. Duk inda ya motsa ina ji. Ya ɗauka ado ne.

Ba ya iya riƙe fitsari yanzu, wani lokacin har da ɗayan. Wanki sau biyu a rana, kuma ba rana. Ranar Laraba ina yi masa wanka ya mare ni, ya ce zai faɗa wa matarsa. Bai yi zafi sosai ba. Barci kuma rabi-rabi nake yi, kunne ɗaya a buɗe, kin dai sani, shekara huɗu ke nan.

Ba ƙorafi nake yi ba. Kin tambaya ne na faɗa miki.

Idan za ki zo Kirsimeti ki sanar da ni, in sa Eusebio ya tare ki a garin Marcala, don motar ba ta hawowa idan an yi ruwa. Na ba direban motar gahawa 'yar jaka ta farkon tsinka ya kawo miki, ni na soya da kaina.

Ki gaida Rigoberto. Allah ya raba lafiya.

Yayarki,
Hermelinda.

*

San Pedro Sula,
29 ga Nuwamba, 1994.

Yaya Mela tawa,

Gaisuwa buhu-buhu! Wasiƙarki ta iso, gahawa ma ta iso, kuma tun kafin in buɗe jakar maƙwabciyata ta leƙo ta katanga wai ƙamshin me take ji. Na ce ƙamshin gidanmu ne, ki koma ciki. Rigoberto ya sha kofi uku a zaune, ya ce wai in gaya miki da ya san haka ke zai aura. Na ce ai da ta ɗaura maka kwando a wannan tumbin naka.

Ni kuwa da kin gan ni da kin yi dariya. Na zama buhun gahawa mai ƙafa biyu. A masana'anta ma kujerar keken ɗinki ta daina isata, sai da suka ja min teburin baya. Wuyan riga ɗari-ɗari nake ɗinkawa kullum, ga zafin garin nan kamar an kifa wa mutum tukunya. Ke kina kuka da yayyafi, ni ko kwana ɗaya a ba ni sanyin El Zapote in ji daɗin raina.

To ga maganar da ba ta da daɗi. Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba. Ƙafafuna sun kumbura, likita ya ce jinina ya hau, kuma da na faɗa masa irin hanyarmu sai ya ce, "Ko kina so ki haihu a bayan motar gahawa?" Tsakiyar Janairu suke sa ran haihuwar. Shekarata talatin da takwas, Yaya, kuma wannan ne na farko da ya zauna. Ba zan yi wasa da shi ba. Na san za ki gane.

Labarin Baba ya sa ni dariya, ya kuma sa ni kuka. Wai a sallami Eusebio! Ai ya daɗe yana son ya faɗa. Amma Yaya, ƙararrawar akuya? A jikin mahaifinmu? Haba. Mutumin da shi ya sare dajin nan da addarsa ya dasa kowace bishiya, yanzu yana yawo yana ƙara kamar dabba, mutanen gari suna kallo? Don Allah ki cire. Ki sa ido dai, ai ba gudu yake yi ba.

Kuma ki riƙa yi masa magana a hankali, kin san ki da ɗaure fuska. Wata abokiyar aikina ta ce kakarta ma haka ta yi, wai idan ana yi musu waƙoƙin da, hankalinsu yana ɗan dawowa. Ki gwada. Ki yi haƙuri, lada kike samu, ba kowa Allah yake ba wa damar kula da iyayensa ba.

Na saƙo masa rigar sanyi ruwan toka, ni na zaɓa, da ƙwayoyin ƙarin jini. Ke kuma ga man shafawa na hannu, na san yanzu tafinki ya zama kamar ɓawon itace. Ki sumbace min shi a goshi, ki ce daga Tila. Ko bai gane ba ki faɗa.

Taki har kullum,
Tila.

*

El Zapote,
12 ga Disamba, 1994.

Zuwa ga 'yata Otilia,

Bayan gaisuwa da fatan alherin Ubangiji a gare ki da mai gidanki, ina rubuto miki ne a matsayina na ƙanin mahaifiyarki, kuma wanda ya rage a manya. Na tabbata saƙon wayar tangaraho da muka buga miki daga Marcala ya same ki. Saƙon waya ba ya ɗaukar bayani, ke kuma kina da haƙƙin ki san yadda abin ya kasance. Zan faɗa miki bi da bi, ba ƙari ba ragi.

Ranar Alhamis, takwas ga wata, rana ta fito bayan kwana tara ana ruwa. Masu tsinka suna can gefen sama. Yayarki tana gida tana fama da aikin shanya, mahaifinku kuma yana zaune a benci a baranda. Ta ce tana wajen inji, ƙararsa ta hana ta jin motsinsa. Wajen ƙarfe biyu, da hazo ya fara saukowa daga kan dutse, muka ji tana ƙwala kira.

Duk mazan garin sun fita. Mun duba coci, mun duba maƙabarta wajen kabarin Jacinta, mun bi hanyar Marcala har gada. Kuskurenmu ke nan: mun bi inda ya saba zuwa. Washegari ruwa ya dawo da ƙarfi, mutum ba ya ganin na gabansa. Sai ranar Asabar da hantsi Eusebio ya gangara rafi, ƙasa da inda mata suke wanki a da, ya same shi zaune a gindin wani dutse, ya jingina, hularsa a cinya. Babu rauni a jikinsa. Malamin asibiti ya ce sanyi ne, kuma mai yiwuwa tun ranar farko. Yana sanye da rigar da kika aiko. Na ga ya dace ki san wannan.

Mun binne shi jiya Lahadi bayan sujada, kusa da mahaifiyarku. Jama'a sun taru ƙwarai, har daga ƙauyukan ƙetare. Fada, limamin cocinmu, ya yi magana mai kyau a kansa. Ni na san Anselmo shekara hamsin da ɗaya, mun yi faɗa sau biyu, duka biyun shi ne da gaskiya. Ubangiji ya ba shi hutawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Yayarki ba ta zubar da hawaye ba, ko a rafi, ko a gida, ko a bakin kabari. Ita ta wanke shi, ita ta sa masa kaya. Da muka dawo daga maƙabarta, mutane cike da gida ana shan gahawa, sai aka neme ta aka rasa. Na same ta a gona da kwando a ƙugu, da baƙaƙen kayanta.

Na ce, "Hermelinda, yau fa aka binne mahaifinki."

Ta ce, "Na sani, Kawu. Wannan layin ya nuna, idan aka bar shi zubewa zai yi."

Na ce, "A bar shi ya zube."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare, ta ci gaba da tsinka.

Kin san bakin mutanenmu. Wasu na cewa ƙarfin hali ne, wasu na cewa wani abu dabam. Ni shekara talatin na yi ina koyar da yara, na kuma koyar da ita, na san fuskar mai ƙarfin hali. Wannan ba ita ba ce. Tana ci, tana aiki, tana amsa gaisuwa, amma kamar gidan da aka kwashe kayan ciki aka bar ƙofa a buɗe.

Ina roƙonki ki rubuta mata. Kada ki yi yunƙurin tahowa a halin da kike ciki, wanda ya tafi ya tafi, wanda ke zuwa shi ne abin kiyayewa. Za a yi addu'ar kwana tara a gidan, matata za ta riƙa zuwa kullum.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki da mai gidanki. Ubangiji ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni ne kawunki,
Fulgencio Argueta.

*

San Pedro Sula,
17 ga Disamba, 1994.

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya haƙurinmu?

Kwana bakwai ke nan ina jiran wasiƙarki. Ta Kawu ta zo, taki ba ta zo ba. Saƙon wayar ma da sunansa aka buga. Ina kan keke aka kira ni ofis aka miƙa min takarda, kalma shida. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Sun kwantar da ni a asibiti kwana biyu saboda jinin, yanzu ina gida, an hana ni komawa aiki.

Ban gan shi ba, Yaya. Rabona da shi tun Ista ta bara, kuma ranar ma sauri nake yi kada mota ta tafi, ko rungumarsa ban yi da kyau ba. Ina rufe ido sai in gan shi zaune a gindin dutsen nan cikin ruwa, da rigar da na zaɓa masa da hannuna. Ko ya kira wani? Ko ya ji tsoro?

Akwai abin da yake cina, kuma sai na tambaya. Ƙararrawar nan, kin cire ta ne saboda maganata? Idan haka ne ki faɗa min gaskiya, kada ki rufa min. Ni na ce ki cire. Rigoberto ya ce in daina wannan tunanin, amma shi ba mahaifinsa ba ne.

Idan kuma ba ki cire ba, to yaya aka yi? Daga baranda zuwa ƙofar shinge taku nawa ne? Mutumin da yake jan ƙafa? Injin nan na san shi, na juya shi tun ina 'yar shekara goma, ƙararsa ba ta kai haka ba. Ba zarginki nake yi ba. So nake in gane.

Kuma Kawu ya ce ranar binnewa kina gona. Gahawa, Yaya? Ranar? Ni nan ina kuka har muryata ta dishe, ke da kike tare da shi kullum ko ɗigo? Ki yi min magana. Ko zagina ne ki yi, amma ki rubuto. Ke kaɗai kika rage min.

Ƙanwarki,
Otilia.

*

El Zapote,
Talata, 27 ga Disamba, 1994.

Ƙanwata Otilia,

Na gaishe ki, da fatan jikin da sauƙi. Wasiƙarki ta zo ranar jajibirin Kirsimeti. Na karanta, na ajiye a kan tebur, sai yau na samu zama.

An gama addu'ar kwana tara. Matar Kawu ta yi ƙoƙari. Mun gama zagaye na farko na tsinka, mun shiga na biyu. Gefen rafi ya nuna, amma Inna Chayo ta ce ita ba za ta gangara can ba bana, don haka ni da Eusebio muke yi.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Na ce ba zan yi girki ba, Inna Chayo ta ce, "Gidan Don Anselmo ba tamal ranar Kirsimeti? Sai dai in ba na numfashi." Ta zo da ganyen ayaba da ƙullun masara, aka yanka zakara, muka naɗe guda arba'in. Na ci biyu. Sun ce ya yi daɗi.

Jiya 'yan unguwar ƙasa suka zo neman tsofaffin kaya, za su cusa wa mutum-mutumin tsohuwar shekara da za su ƙona ranar talatin da ɗaya. Na shiga na ɗauko wando da riga na ba su. Sai da yamma, ina dawowa daga shago, na gan shi zaune a kujera a bakin hanya, cike da ciyawa, an sa masa kwalba a hannu. Wandon Baba ne, mai facin nan a gwiwa. Eusebio yana tare da ni. Ya cire hula, ya ce, "Mela, wannan ai bai dace ba. Bari in je in karɓo." Na ce ya bari, wando ne.

Yanzu tambayarki. Ban cire ƙararrawar ba. Tana jikinsa har lokacin da aka same shi, ni na warware ɗinkin da na zo wanke shi. Saboda haka ki sauke wannan daga ranki, ba ruwanki a ciki.

Kin yi gaskiya game da injin. Ba na wajen inji. Ƙarya na yi wa Kawu da kowa.

Ga yadda aka yi. Ranar rana ta fito wajen ƙarfe sha ɗaya. Gahawar kwana tara tana jibge a rumfa ta fara warin tsami, idan ba ta sha rana ba ranar, ta lalace. Na kwaso ta na zuba a farfajiya, na ɗauki manjagara ina bazawa. Da safen nan na riga na yi masa wanka sau biyu, na canza shimfiɗa, ya watsa min kunu a jiki ya ce guba na sa. Na zaunar da shi a benci da rigarki.

Ina tsakiyar layi na huɗu na ji ƙararrawa. Na ɗaga kai. Yana tsaye a ƙofar shinge yana kokawa da sakata. Ya daɗe yana yi, Tila. Da na ajiye manjagara na taka a hankali ma da na same shi kafin ya buɗe. Ya buɗe. Ya fita, har ya juyo ya rufe ƙofar a bayansa, kamar yadda yake mana faɗa mu riƙa yi. Ya kama hanyar rafi. Ina kallon bayansa har ya shige cikin ayaba.

Na ce a raina, bari in ƙarasa wannan layin.

Na ƙarasa. Ina jin ƙararrawar tana nisa. Na fara wani layin. Ban san a layi na nawa na daina jin ta ba. Na baza farfajiyar duka, har kusurwoyi. Sai na ji gidan shiru. Shekara huɗu ban ji irin wannan shirun ba. Na zauna a bencin da ya tashi, wurin da ɗuminsa, rana tana dukan ƙafafuna. Na ce minti biyar.

Barci na yi. Barci mai nauyi, ba mafarki, irin wanda na manta akwai shi. Sanyin hazo ne ya tashe ni, ƙarfe biyu ta wuce.

Kuma ga wanda ya fi. Da mutane suka taru, Kawu ya ce a bi coci da hanyar Marcala, ban ce musu rafi ya bi ba. Idan na faɗa, za a ce yaya aka yi na sani. Ni kaɗai na gangara, na kai har wurin wankin, na yi kira, hazo ya rufe ko'ina, na dawo. Taku ɗari ne tsakanin inda na tsaya da dutsen. Na auna daga baya.

Kin tambaya ko ya ji tsoro. Ban sani ba. Fuskarsa dai a sake take.

Na yi ta juya abin ina neman inda na yi fatan ya mutu, don in san sunan abin da na aikata. Ban samu ba. Ban yi fatan ya mutu ba. Ban yi fatan ya dawo ba. Ban yi fatan komai ba. Ina riƙe da manjagara, rana ta fito, shi ke nan. Na je wajen Fada ranar Asabar don in faɗa, na durƙusa, sai na ji kaina ina cewa na yi fushi da maƙwabta. Ya sa min addu'a uku.

Kukan da kike tambaya, na nema. Nakan tsaya a ɗakinsa in jira. Ba ya zuwa. Ina ci, ina barci har gari ya waye, jikina ma ya fara murmurewa, Inna Chayo ta ce na yi kumatu.

Gahawar ranar ta bushe da kyau. Tana cikin buhu, ban haɗa ta da sauran ba.

Ba neman gafara nake yi ba, ban ga da wane baki ba. Kin ce in faɗa miki gaskiya. Idan kina so ki nuna wa Kawu, ki nuna. Idan ba ki sake rubuto min ba, ba zan ga laifinki ba.

Ki kula da kanki. Allah ya sauke ki lafiya.

Hermelinda.

*

San Pedro Sula,
6 ga Janairu, 1995.

Yaya Mela,

Ina gaishe ki. Wannan ce ta biyar da na fara. Huɗun farko na yayyaga, kuma gara da ba ki gan su ba. A ta farko na kira ki da sunan da ban taɓa zaton zan kira ɗan'adam da shi ba. Kwana uku ban ci abincin kirki ba, Rigoberto yana ta tambaya me ke cikin wasiƙar, na ce labarin gona ne. Na ƙona wasiƙar taki a murhu. Ba wanda zai gani, ko Kawu.

Ba zan ce miki ba komai ba, don da komai. Har yanzu idan na tuna taku ɗarin nan sai numfashina ya tsaya. Ban san ranar da zan daina jin haka ba.

Amma tunda ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa. Kin tuna bara da damina, da kika rubuto kika ce in karɓi Baba wata ɗaya tak, ki samu ki huta? Sau ɗaya kika taɓa roƙona abu a rayuwarki. Na ce miki gidanmu ɗaki ɗaya ne, kuma Rigoberto ba zai yarda ba. Ɗaki biyu ne, Yaya. Na biyun keken ɗinkina ne a ciki da kwalaye. Rigoberto kuma ko labarin wasiƙar bai ji ba, da ya ji da shi zai je ya ɗauko shi, kin san halinsa. Tsoro na ji. Na ga yadda Baba ya koma ranar Ista, na ce ba zan iya ba ko na sati ɗaya. Sai na aiko da sabulu da ƙwayoyi, na ce ki yi haƙuri, lada kike samu.

Ban faɗa don in ce mun yi daidai ba. Ni ban san yadda ake auna irin wannan ba, kuma na gaji da gwadawa.

An kwashe kwalayen jiya. Rigoberto ya samo gado. Idan kin gama tsinka ki rufe gidan, ki bar wa Eusebio makulli da kaji, ki taho. Ba don ki yi min aiki ba, uwar Rigoberto tana nan za ta yi min zaman jego. Ba sai kin yi magana ba, ba sai kin yi kuka ba. Wataƙila ma in kasa kallonki kwanan farko. Ki zo dai.

Likita ya ce ko yau ko gobe.

Ƙanwarki,
Tila.

*

El Zapote,
Lahadi, 15 ga Janairu, 1995.

Tila,

Na gaishe ki. Saƙon Rigoberto ya iso jiya, Kawu ya kawo min har gona. Barka da arziki. Ki gaida 'yar baƙuwa.

Saura zagaye na ƙarshe, sati uku idan ruwa ya bari. Bayan nan zan zo. Ban san kwana nawa zan yi ba.

Abu ɗaya nake so. Jiya Kawu yana ba da labarin yadda Baba yake dariya, kowa yana gyaɗa kai, ni na tsaya ina nema a kaina ban samu ba. Baba na shekara huɗun nan kaɗai nake iya tunawa. Ke ba ki zauna da wannan ba, na da ɗin yana wajenki. Idan na zo, ki ba ni labarinsa tun daga farko, kamar ban taɓa saninsa ba.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Mela.